Tafasa, Abincin Tsakiyar Damana

1. Lokacin da rumbu ya yi ƙasa

A ƙasar Ƙonni ruwan shuka ya kan sauka cikin watan Yuni. Wata shekara kuma sai Yuli ya kama. Da ƙasa ta jiƙa, manoma sai su fita da sungumi, mata da yara suna biye da iri. Amma hatsin da aka shuka yau ba gobe za a ci shi ba. Sai ya yi wata uku, ko fiye, kafin a kai damma gida.

Waɗannan watanni uku su ne mafi wuya a shekara. Aikin gona ya yi yawa, hatsin bara kuma ya yi ƙasa cikin rumbu. A kasuwa tiya ta yi tsada. Mai gida yana auna abin da ya rage, uwar gida tana tunanin abin da za ta ɗora bisa murhu.

A daidai wannan lokaci ne wani haki ya ke fitowa bayan gari, ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya ba shi ruwa. A Bazaga da ƙauyukan da ke kewaye da ita kowane yaro ya san shi. Sunansa tafasa. Kwana kaɗan bayan ruwan fari ta kan tsiro. Kafin hatsi ya kai gwiwa, ganyenta ya isa tsinka.

Mutane suna taka ta, awaki suna wuce ta, manomi yana sare ta da hauya. Duk da haka gidaje da yawa da ita su ke ƙetare tsakiyar damana. Raina kama ka ga gayya. Tsiron da ya ke da irin wannan amfani ya kamata a san shi sosai: yadda ya ke, inda ya ke fitowa, abin da ya ke yi wa mutum, da kuma inda ya ke da haɗari.

2. Sunayenta da danginta

Hausawa suna ce mata tafasa. A rubuce sunan ya yi daidai da tafasar ruwa bisa wuta, amma ma'ana dabam. Zabarmawa suna ce mata ula. Fulanin Kamaru suna cewa tasɓa. A Sudan da Cadi ana cewa kawal. Da Faransanci kuwa sunanta casse fétide, wato mai wari, saboda warin ɗanyen ganyenta.

Masana tsirrai suna ba kowane tsiro suna guda da harshen Latin, don mutumin Nijar da mutumin Indiya su san abu ɗaya su ke magana a kai. A 1753 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, mai suna Linne, ya raɗa mata Cassia obtusifolia. A 1982 masana biyu, Irwin da Barneby, suka sake tsara wannan dangi. Tun daga nan sunanta Senna obtusifolia. Kalma ta biyu tana nufin mai ganye maras tsini. Tsofaffin littattafai su kan rubuta Cassia tora. Wannan sunan wata ƴar'uwarta ce ta kusa, wadda ta fi yawa a ƙasashen Asiya.

Tafasa tana cikin babban gidan wake. Gujiya, wake, ɗorawa, tsamiya, gawo da bagaruwa duk danginta ne. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu suna zuba ƴaƴansu cikin kwanso. Ƴan'uwanta na ɗaki ɗaya kuwa su ne rai-ɗore da filasko.

3. Yadda ta ke

Tafasa tsiro ne na shekara ɗaya. Ta kan fito da damana, ta yi fure, ta yi ƴaƴa, ta bushe da kaka. Baɗi ƴaƴanta ne za su tsiro.

Saiwa. Tana da babbar saiwa guda, mai nutsewa ƙasa tsaye, da ƙanana a gefe. Shi ya sa ta ke jure kwanakin da ruwa ya ɗauke. Shi ya sa kuma babbar tafasa ta ke da wuyar tugewa. In an tuge wake ko gujiya, a kan ga ƴan ƙululai a jikin saiwa. Cikinsu akwai ƙananan halittu masu ɗebo wani sinadari daga iska su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Tafasa ba ta da waɗannan ƙululai, ko da ya ke dangin wake ce. Saboda haka ba ta gyara gona yadda wake ya ke yi.

Kara. Karanta kore ne, mai rassa. A busasshen wuri ba ta wuce gwiwa. Inda ƙasa ta ke da taki da laima ta kan kai meta ɗaya, har ta fi yaro tsawo.

Ganye. Abin da a ke gani kamar ganye shida, a wurin masana ganye ɗaya ne wanda ya rabu. Ƴan ganye shida ne bisa sanda guda, biyu-biyu suna duban juna. Kowane yana da faɗi a baki, ya tsuke a gindi, kamar ƙwai. Biyun ƙarshe sun fi girma. Tsakanin biyun farko akwai wani ɗan tsinke, kamar ƙaya maras kaifi. Wannan alama ce babba ta gane tafasa.

Da magariba ganyen su kan naɗe, kowane ya rufe ɗan'uwansa, kamar mai barci. Da safe su buɗe. A gindin kowane ɗan ganye akwai wani ɗan kumburi cike da ruwa. In ruwan ya koma gefe guda sai ganye ya lanƙwashe, in ya dawo sai ya miƙe.

Fure. Furenta rawaya ne, mai falle biyar. Ya kan fito ɗaya ko biyu a hammatar ganye. A tsakiyarsa akwai ƴan zaruruwa goma. Bakwai daga ciki suna ɗauke da garin fure, uku ba su da kome. Wasu ƙwari dangin zuma su kan sauka su girgiza furen, garin ya zubo. Amma ko ƙwaro bai zo ba, furen tafasa yana iya yin ƴaƴa da garin kansa. Ta fi yin fure daga Agusta zuwa gaba, sa'ad da yini ya fara raguwa.

Ƴaƴa. Bayan fure ya kaɗe sai kwanso ya fito, siriri, dogo, mai lanƙwasa kamar lauje. Tsawonsa ya kan kai santimeta 10 zuwa 20. Cikinsa akwai ƙwaya 20 ko 30, wani lokaci fiye. Ƙwayar ja-ja ce mai duhu, mai sheƙi, da kusurwa-kusurwa. Babban gindi guda yana iya zubar da dubban ƙwayoyi. Ɓawonsu yana da tauri ƙwarai, ruwa ba ya shigarsa da sauri. Don haka ba duka su ke tsira shekara guda ba. Wasu su fito bana, wasu su jira baɗi, wasu su yi shekaru cikin ƙasa. Wannan shi ne asirin da ya sa tafasa ba ta ƙarewa.

4. Inda ta ke fitowa

Tafasa tana son rana da zafi. Ba ta son inuwa mai duhu, ba ta jure sanyi. Tana kuma son wurin da mutum ko dabba ya motsa ƙasa. A kan same ta bakin hanya, bayan gari, bisa juji, gefen rijiya, tsohon garke, saura, burtali, da bakin tabki inda ruwa ya janye.

A yankin Ƙonni, Malbaza da Illela ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimeta 400 zuwa 600 ba, mafi yawansa cikin Yuli da Agusta. Wannan ya ishe ta. Bisa jigawa ta kan fito gajera. A fadamu, kamar cikin kwarin Maggiya, ta kan yi tsawo ta yi duhu. Bisa fako, inda ƙasa ta daskare ruwa ba ya shiga, da ƙyar a ke ganinta.

Bisashe suna taimaka mata wajen yaɗuwa. Da rani saniya ta kan haɗiye kwanson tafasa tare da busasshen haki. Ƙwayoyi da yawa su kan fita cikin kashi ba su narke ba. Inda kashin ya faɗi, ga iri ga taki. Ruwa mai gudu cikin ƙorama shi ma yana kwashe ƙwayoyin ya kai su nesa.

Masana da yawa suna ganin asalin tafasa ƙasashen Amurka ne masu zafi. Daga can ta bazu. Yau akwai ta daga Senegal har Sudan, akwai ta a Indiya, da Sin, da Ostareliya. A ƙasar Hausa ta daɗe har ta zama ƴar gida.

5. Kama da wane ba ta wane

Rai-ɗore, wanda wasu ke kira sanga-sanga, yana fitowa wuri ɗaya da tafasa. Shi ma furensa rawaya ne. Wanda bai lura ba sai ya ɗauka abu ɗaya ne. Ga yadda a ke rarrabe su.

Ƴan ganyen tafasa shida ne, masu faɗin baki. Na rai-ɗore sun fi yawa, takwas ko goma, kuma masu tsini ne kamar mashi.

Ɗan tsinken tafasa yana tsakanin ƴan ganye biyu na farko. Na rai-ɗore dunƙule ne baƙi-baƙi, yana can gindin sandar ganye, dab da kara.

Kwanson tafasa siriri ne kamar lauje. Na rai-ɗore mai faɗi ne, shimfiɗaɗɗe, da layi mai haske a gefe.

Karan tafasa kore ne. Na rai-ɗore ya kan yi ja-ja.

Sanin wannan bambanci ba wasa ba ne. Ɗanyun ƴaƴan rai-ɗore guba ne. A arewacin Indiya an yi shekaru ƙananan yara suna mutuwa bayan damana, da wata cuta mai taɓa hanta, tsoka da ƙwaƙwalwa. A 2007 likitoci suka bayyana cewa cin ɗanyun ƴaƴan rai-ɗore ne ke jawo ta. Yaran suna wasa a bayan gari, suna ɓare kwanso suna ci. Ƴaƴan tafasa ba su kai na rai-ɗore ƙarfi ba, amma su ma ba a cinsu ɗanyu. Wanda aka bar wa ƙane ko ƙanwa ya kula kada su kai ko wanne baki.

Filasko kuwa ba shi da wuyar ganewa. Gajere ne, yana baje rassa bisa ƙasa, kwansonsa gajere mai faɗi. Ganyensa maganin wankin ciki ne mai ƙarfi, ba ganyen miya ba ne.

6. Tafasa cikin tukunya

Ba a cin tafasa sai an tafasa ta. Ɗanyen ganye yana da wari da ɗaci, yana kuma sa gudawa.

Mata da ƴan mata su kan fita da safe da kwando. Suna tsinkar kan tsiro, inda ganye ya ke da taushi, tun bai yi fure ba. In an tsinke kai ba a tuge gindi ba, sai ta sake toho, a dawo a ƙara tsinka.

A gida a tsince, a wanke sosai, a zuba cikin tukunya da ruwa. Wasu su kan jefa ƴar kanwa don ganye ya yi laushi. In ya nuna a tsiyaye ruwan a zubar, a matse. Wari da ɗaci sun tafi tare da ruwan.

Daga nan hanya ta rabu uku. In kwaɗo a ke so, a daka ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono, a yanka albasa, a cuɗa da ganyen, a zuba ɗan mai. In dambu ne, a haɗa ganyen da tsakin hatsi a turara cikin madambaci. Tsaki kaɗan da ganye mai yawa su kan cika akushi. In kuma miya ce, a sa daudawa da sauran kayan miya a ci da tuwo.

Mace mai dabara ba ta barin damana ta wuce ba ta shanya tafasa ba. Ta kan baje ganyen bisa tabarma a inuwa, inda iska ke shiga. Wanda ya bushe a inuwa ya fi riƙe korensa da amfaninsa bisa ga wanda rana ta ƙona. In ya bushe ta zuba cikin buhu ko tulu, ta rufe. Da rani ta jiƙa ta dafa, ko ta kai kasuwa ta sayar ta sayi gishiri da sabulu. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Me ke cikin ganyen? Masana sun auna busasshen ganyen tafasa. Sun tarar kimanin kashi ɗaya cikin biyar nasa abinci ne mai gina jiki, irin wanda a ke samu cikin wake da nama. Akwai kuma sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori, da wanda ke ƙara jini, da wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Rashin bitamin A shi ke kawo dundumi, yaro ya kasa gani da dare. Wannan sinadari ba ya bin ruwan da aka zubar, amma jiki ba ya ɗaukarsa sosai sai da maiƙo. Ashe ƙuli-ƙuli da man da a ke sa wa kwaɗo ba don daɗi kaɗai ba ne.

Sai dai a lura da wurin tsinka. Tafasar da ta fi kyau ga ido sau da yawa bisa juji ta ke, ko inda mutane ke zagayawa. Irin wannan tana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki. Haka kuma kada a tsinki wadda ke cikin gona ko garka da aka fesa wa maganin ƙwari. A nemi wuri mai tsabta, a wanke da ruwa mai kyau, a dafa har ta nuna.

7. Shekarun yunwa

Ƙasar nan ta ga shekaru masu wuya. An yi fari a 1973 da 1974, bisashe suka mutu da yawa. An sake yi a 1984. A wannan shekara kuma Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai 1986. Mutanen bakin iyaka, waɗanda suka saba sayo hatsi daga ƙasar Sakkwato, suka sha wahala biyu. Hausawan Nijar suna kiran yunwar wannan lokaci El Buhari, da sunan wanda ke mulkin Najeriya a sa'an nan. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. Shekarar 2005 ta zo da yunwa mai tsanani, musamman a jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram.

A irin waɗannan shekaru mutane su kan koma ga abin da daji ya bayar: ƴaƴan anza da a ke jiƙawa kwanaki kafin a ci, ganyen aduwa, da tafasa. Tafasa ba ta buƙatar ruwa mai yawa kafin ta ba da ganye. Ko shekarar da hatsi bai yi ƙwaya ba, ita ta kan fito.

Amma akwai gaskiyar da ya kamata a riƙe. Ganye yana taimakon hatsi, ba ya maye gurbinsa. Yana cika ciki, amma ba ya ba da ƙarfin aiki kamar tuwo da fura. Babba yana iya jurewa kwanaki. Ƙaramin yaro cikinsa ƙarami ne, ganye ya kan cika shi tun bai sami abin da jikinsa ke bukata ba. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja, tamowa ce ta kama shi. A kai shi gidan likita ba da jinkiri ba.

8. Tafasa a wajen magani

Tun kaka da kakanni ana magani da tafasa. An fi saninta a wuri biyu, fata da ciki.

Ga fata, a kan daka ganye ko ƙwaya a shafa bisa makero da ƙaiƙayi. Masu bincike sun sami wasu sinadarai cikin tafasa waɗanda ke rage ƙarfin abin da ke kawo makero. Makero wata ƙaramar halitta ce dangin fumfuna, mai cin fata da gashi. Na jiki yana bisa fata, abin shafawa yana iya kai gare shi. Na kai kuwa yana shiga har cikin gindin gashi, inda abin shafawa ba ya isa. Shi ya sa makeron kai ya kan lafa ya dawo. Maganinsa na sha ne, a gidan likita a ke ba da shi, kuma sai an yi makonni ana sha. Makero yana bin aska, da mataji, da hula. Kada yara biyu su yi aski da reza ɗaya, kada su yi musayar hula.

Ga ciki, ruwan dafaffen ganye yana saki ga wanda cikinsa ya ɗaure. Waɗancan sinadarai ne ke motsa hanji. Abin da ke saki kuwa in ya yi yawa ya zama gudawa, gudawa kuma tana ƙarar da ruwan jiki. Saboda haka ba a ba jariri, ba a ba mace mai ciki, ba a ba wanda ya riga yana zawo. Ba a kuma ɗiga ruwan ganye cikin ido ko bisa sabon rauni.

9. Tafasa da makiyayi da manomi

Ɗanyar tafasa ba ta gamshi bisashe ba. Shanu da tumaki su kan cinye hakin da ke kewaye da ita su bar ta tsaye. Sai ta bushe su ke taɓa ta. Wannan ya kan jawo matsala. Inda kiwo ya yi yawa, haki mai kyau ba ya samun zubar da iri, tafasa kuwa tana zubar da nata duka. Shekara bisa shekara sai ta cinye makiyaya, ita da garmani. Mai wucewa ya ga fili kore shar, makiyayi kuwa ya san babu abinci a ciki.

Ƙwayarta in ta yi yawa cikin abincin dabba tana lalata tsoka. Dabba ta yi rauni, ta kasa tashi. Kaji sun fi saurin kamuwa. Wanda ke ba kaji tsaba ko dusa ya duba kada ƴaƴan tafasa su cakuɗa da ita.

Cikin gona tana ƙwace wa hatsi ruwa da haske. Maganinta noman fari da wuri, tun saiwa ba ta nutse ba, da maimai kafin ta yi kwanso. Wadda ta yi duhu kusa da ɗaki a sare ta, don macizai da sauro suna fakewa ciki. Busasshen karanta ba ya lalacewa a banza: ana hura wuta da shi, ana kuma toshe shinge.

10. A wasu ƙasashe

A yammacin Sudan, ƙasar Darfur, mata suna daka ɗanyen ganyen tafasa su cusa cikin tulu. Su rufe da ganyen dawa, su binne tulun cikin ƙasa a inuwa. Bayan kamar mako biyu ganyen ya ruɓa ya yi baƙi, kamar yadda kalwa ke zama daudawa. Sai su dunƙula su shanya. Wannan shi ne kawal. Ana sa shi a miya a madadin nama. Wani masani ɗan Sudan, Hamid Dirar, ya yi rubutu a kansa a 1984.

A Koriya da Japan ana soya ƙwayar a dafa a sha kamar shayi. A Sin tana cikin tsofaffin magunguna. A Indiya akwai masana'antu da ke fitar da wani gari mai yauƙi daga cikin ƙwayar, bayan an raba shi da abin da ke cutarwa. Ana sa garin cikin abinci don ya yi kauri. A 2010 Tarayyar Turai ta yarda a yi amfani da shi. A kudancin Amurka ta Arewa da Ostareliya kuwa manoma suna yaƙi da tafasa, don tana ɓata musu gonaki da makiyaya.

Ƙasashe masu sanyi ba su da tafasa, amma suna da nasu tsiron na bakin gida. Cikin littattafan Faransanci a kan gamu da wani fure mai suna souci. Asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. Shi ma na shekara ɗaya ne, furensa rawaya ko ruwan goro. Mutanen Turai sun daɗe suna jefa furen cikin tukunyar miya, suna rina man shanu da cuku da shi, suna kuma yin man shafawa na fata. Ba dangin tafasa ba ne, dangin shuwaka ne. Amma aikin da ya ke yi musu ya yi kusa da wanda tafasa ke yi a nan. Kowace ƙasa Allah ya ba ta abin da zai taimaki mutanenta, saura su san shi su san iyakarsa.

Ma'anar kalmomi

Kwanso: ɓawon da ƴaƴan wake ko na tafasa ke ciki.
Saura: gonar da aka bari ta huta.
Burtali: hanyar bisashe tsakanin gonaki.
Fako: ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya shiga.
Fumfuna: abin da ke fitowa bisa tuwo ko fata in sun daɗe cikin laima.
Dundumi: rashin gani da dare.
Tamowa: ciwon rashin isasshen abinci ga yara.

Tambayoyi

1. Don me tsakiyar damana ta ke da wuya ga gidaje da yawa?
2. Ƴan ganye nawa ke bisa sandar ganyen tafasa?
3. Me ya sa tafasa ba ta ƙarewa ko an nome ta?
4. Waɗanne alamomi huɗu ne ke raba tafasa da rai-ɗore?
5. Don me a ke zubar da ruwan da aka dafa ganyen?
6. Mene ne amfanin sa mai ko ƙuli-ƙuli cikin kwaɗo?
7. Me ya sa abin shafawa ba ya warkar da makeron kai?
8. Yaya tafasa ta ke cinye makiyaya?

Aiki

1. A tugo tafasa guda da rai-ɗore guda. A aza su gefe da gefe, a zana ganyensu da kwansonsu cikin littafi. A wanke hannu bayan an gama.
2. A auna tsawon kwanso goma da abin awo. A ɓare su, a ƙidaya ƙwayoyin, a raba jimla da goma.
3. A ɗauki ƙwaya 20. A goga 10 bisa dutse har ɓawo ya ɗan kuje, a bar 10 yadda su ke. A shuka su cikin gwangwani biyu, a riƙa ba su ruwa. Bayan mako guda a ƙidaya waɗanda suka tsiro cikin kowane gwangwani.
4. A dubi gindin tafasa guda da hantsi, a sake dubansa da magariba. A rubuta abin da aka gani.
5. A tambayi tsofaffin gida ganyayen da aka ci a shekarar 1984 da 2005. A rubuto sunayensu da yadda a ke dafa kowane.